Tsohon Inji a Garejin Kakuri

Na yi shekaru ina jan babbar mota. Na kwana a Agadas da Injamena da Duwala da Kumasi, kuma duk inda na je sai da na zauna a gindin wani bakanike ina jiran ya sallame ni, saboda haka na san iri-irinsu. Na Kumasi sukan taru su biyar a kan inji ɗaya suna gardama. Na Injamena mutum ɗaya ne, ba ya magana sai ya gama, in ya gama ya faɗa maka laifinka da Larabci a gaban kowa. Amma ban taɓa ganin mai gyara da kunne irin abokina na Kakuri a Kaduna ba.

Mutumin kudancin Kaduna ne, dattijo a cocinsu da ke unguwar Nasarawa, kusan sa'ana. Ya yi aiki a kamfanin harhaɗa motoci tun lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin unguwa da asuba. Da aiki ya ƙare sai ya kafa rumfa a garejin da ke bayan kasuwa. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Alhaji, in tsokana yake ji ya ce Ɗan Faransa, don ya taɓa jin ina zagin wani direba da Faransanci. Yana da doguwar sukudireba mai mariƙin katako. Sai ya kafa bakinta a kan inji yana aiki, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido, can ya buɗe ya faɗi abin da ya lalace. Ban san ya taɓa kuskure ba.

Sai motoci suka canja. Waɗanda ake shigowa da su daga Kwatano duk masu ƙwaƙwalwa ne, ana jona musu wata na'ura ta rubuto ciwonsu a allo. Rumfunan da ke gefensa suka cika da motoci, tasa ta koma wurin da tsofaffi ke shan inuwa. Wata rana ina zaune shugaban garejin ya zo, ya gaishe mu da ladabi, ya tsuguna.

"Baba, ba kora ba ce," in ji shi. "Amma akwai mai na'ura da ke neman wuri, motocinsa har kan titi. In kafin damina ta wuce aiki bai shigo nan ba, sai dai ka yi haƙuri."

Injiniya ya jira har shugaban ya tafi. Sannan ya dubi motata da ke ajiye a bakin hanya. Doguwa ce, irin mai ƙofa a baya, da ita nake kai wa mai ɗakina buhunan masara daga kasuwa zuwa injin niƙa a Kudenda. Injinta na zamani ne, amma ya gaji. Da na ɗora buhu biyar sai ta riƙa tafiya kamar ana jan ta da igiya.

"Alhaji, ba ni motar nan," ya ce. "In cire wannan ɗan gayen, in sa maka inji na maza."

Abin da yake nufi shi ne tsohon injin da suke ɗora wa irin wannan mota a da, mai sanduna. A cikinsa akwai wasu 'yan sandunan ƙarfe takwas, kowace kamar fensir, su ke tura bawul, wato 'yan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, daga ƙasa su buɗe. Sabon kuwa bel ke juya komai daga sama. Na ce masa a Duwala wani bakanike ya nuna mini a takarda cewa sabon ya fi ƙarfi.

"Takarda ce za ta hau da masara Kudenda?" ya ce. "Sabon sai ya yi gudu yake da ƙarfi. Tsohon tun daga giya ɗaya yake ja, kuma ko man bumburutu ka zuba masa ya sha, ba ya tambayar daga ina."

Na san ba don masarata yake maganar ba. Yana so ne a ga mota a rumfarsa, a ga ta fita tana ja, ko masu tsofaffin motocin haya za su tuna da shi. Na ba shi makulli.

Mun samo injin a bayan gidan wani mai gyaran fitila a Makera, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kai. Injiniya ya yi mako uku a kansa. Ya wargaza shi ɗaya bayan ɗaya, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir ya jera a kan tabarma, yana mirgina sandunan a kan gilashi don ya ga ko akwai mai lanƙwasa. Na daɗe ban gan shi haka ba. Har waƙar coci yake yi da yarensu yana ɗaure noti. Matasan gareji sukan leƙo.

"Baba, daga gidan tarihi aka ciro wannan?"

"Lokacin da aka ƙera shi ubanka bai fara sa wando ba," ya ce, suka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

A makonnin nan ne na lura da abin da na so a ce ban lura ba. In na yi magana ina bayansa, ba ya amsawa. Wata rana sifana ta faɗo daga kan benci ta daki kwano, kowa ya waiwaya, shi ko gezau. In muna fuskantar juna hira ba ta tsayawa, don bakina yake kallo.

Ranar da aka tayar da injin ya zo ga abin da ya fi kowa iyawa, wato saitin tafet. Tsakanin kowace sanda da bawul ɗinta ana barin ɗan sarari, bai fi kaurin reza ba. Wasu sukan auna da ma'auni, shi kuwa tun yana saurayi da kunne yake yi. Ya sha gaya mini cewa lafiyayyen inji mai sanduna dole ya yi 'yar ƙara, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. In ya yi shiru, an matse shi ke nan, bawul zai ƙone. Ya kafa sukudireba, ya rufe ido. Ni ina jin keken ɗinkin sarai. Shi ya girgiza kai, ya kashe, ya sassauta saitin. Ya tayar, ya saurara, ya sake sassautawa. Sau huɗu ya yi haka, har injin ya koma yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Sai ya yi murmushi.

"Ka ji shi, Alhaji? Yanzu ya dawo hayyacinsa."

Da a Injamena ne, da wani ya kama hannunsa ya ce, tsoho, kunnenka ya tafi, kawo ma'auni. A Kumasi da biyar ɗin nan sun rufe shi da ihu har ya yarda. Ni da na zauna da su duka, na iya yarensu, sai na tsaya na dubi sa'ana a gaban 'ya'yan cikinsa, na kasa. Matasan ma sun ji. Suka dubi juna, suka dube ni, don ni ne babba kuma motata ce. Na ce, "Ya yi, Injiniya." Na gaya wa raina gobe zan same shi shi kaɗai. Gobe ta zo, na tarar ya riga ya gayyaci shugaban gareji gwaji, ya sa riga mai guga.

Muka ɗora buhu takwas. Ni ke tuƙi, shugaban yana gefena, Injiniya a baya ya leƙo da kai tsakaninmu. Gaskiyarsa ce kuwa. Duk da ƙarar, motar ta ɗauki kayan nan kamar babu komai, na fita daga Kakuri a giya uku inda a da nake roƙon ta a giya biyu. Shugaban ya ɗaga gira ya ce, "Baba, ashe da sauranka." Na ga fuskar Injiniya a madubi.

A ɗan hawan da ke kafin Kudenda na taka mai. Sai wani abu ya buga a gaba, sau ɗaya, motar ta fara karkarwa, jar fitila ta kama. Na gangara gefe na kashe. A nan bakin titi, 'yan Keke Napep na wucewa suna kallo, shugaban ya kwance murfin saman injin da hannunsa. Sanda ɗaya ta tsallake daga mazauninta ta lanƙwashe kamar lauje, ta fasa abin da ke ƙarƙashinta. Ya taɓa sauran. Sararinsu ya isa a zura tsabar kuɗi biyu. Ya mayar da murfin, ya kira mai jan mota.

Injiniya ya ɗauki lanƙwasasshiyar sandar yana juyawa. Ya zura ɗan yatsa a sararin ɗaya daga cikin sauran, ya daɗe a sunkuye. Da shugaban ya matsa gefe yana waya, sai ya zo gabana, kusa, inda zai ga bakina.

"Jiya da na ce ya dawo hayyacinsa, yana ƙara?"

Na ce yana yi.

"Sosai?"

"Sosai."

"Yaran ma sun ji?"

Na gyaɗa kai.

"Shekara nawa muke tare, Alhaji?"

Bai jira amsata ba. Ya tsallaka titi ya shiga bas mai zuwa Nasarawa.

Bai jira ƙarshen damina ba. A makon ya kwashe kayansa, ya miƙa wa shugaban makullin rumfa. Na je gidansa sau biyu, matarsa ta kawo mini ruwa ta ce yana kwance. Na uku na tarar sun koma ƙauyensu. Nakan kira lambarsa, 'yarsa ke ɗauka, ta ce Baba yana gaishe ni amma ba ya jin magana a waya, kuma ban san ko shi ne ya ce a gaishe ni ba.