Ribas da Madubin Uwargida

Ɗan kawuna, wanda duk garejin manyan motoci ke kira Ribas, ya shekara ashirin da shida yana jan tirela. In ka ba shi ƙofar allura zai shigar da ita da baya, yana hamma. Ni dai ban wuce aji huɗu ba, amma na rantse ko karatun madubin gefe ake ba digiri, da tuni ya zama farfesa.

To wannan gwanin ne wani ɗan jirgin wasa mai nauyin tantabara ya mayar abin dariya.

Ya fara ne ranar da ya sauke kaya kusa da wani filin ƙwallo, ya ga dattawa suna tuƙa ƙananan jirage da rimot. Tun daga nan ya tashi daga mutum ya koma mai tsince-tsince. Farin soson cikin kwalin firiji, tsinken keke, gam, batir, ƙaramar farfela, duk ya jibge su a sito ɗin matarsa, ya kori tukwanenta zuwa ƙarƙashin gado.

Tashi ba ya ba shi wahala. Dawowa ce bala'in. Muddin jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta koma hagunka, kai kuwa hannu ya saba da sitiyari. Sai Ribas ya danna dama, jirgi ya yi hagu, ya rungumi turken gola. Shida ya binne haka. Na biyar ma har na yi masa ta'aziyya da carbi.

Uwargida ta ce, "Baban yara, na bakwai shi ne na ƙarshe. In ya fashe, ka kwashe tarkacenka, tukwanena su koma ɗakinsu."

Sati uku yana lallaɓa na bakwai, yana goge fukafukinsa da handikici. Na ce, "Ɗan kawu, ko ni da na ga haihuwarka ban ga an yi maka wannan gatan ba."

"Rufe min baki, ƙaramin kai. Na girme ka da shekara tara."

Ranar Lahadi da safe sai ga shi ya fito rungume da madubin jikin sif ɗin matarsa, ya kwance shi da sukundireba. Ita kuma ta biyo mu da mayafi a kafaɗa, wai ta zo karɓar makullin sito.

A fili ya ɗora min madubin a ƙirji. "Tsaya nan gabana. In ka motsa, kai zan liƙe da gam."

Jirgi ya tashi, ya yi sama har na ji yana gaisawa da shaho. Da ya karyo kwana zai dawo, Ribas ya juya masa ƙeya, ya zuba ido cikin madubi. Yanzu shi da jirgi wuri ɗaya suka fuskanta, damarsa damar jirgi. Dattawan filin suka bar nasu suna kallo.

Abin da bai gaya min ba, ni ne ke fuskantar jirgin. Ina ganinsa yana tahowa, hancinsa saitin nawa.

"Ɗaga kaɗan! Kai, hannunka ne ke rawa ko girgizar ƙasa ake?"

"Ɗan kawu, ka yafe min duk abin da na yi maka!"

"Zo, zo, zo... kwanta hagu... ya isa!" Da jirgin yake magana, yadda ake yi wa mai shiga da mota gareji.

Tayoyin suka taɓa ciyawa, ya yi tsalle ɗaya, ya gangaro ya tsaya taku uku daga duga-duginsa, ko ƙwarzane babu. Ƙaton mutumin nan ya daka tsalle, hularsa ta faɗi, ya rungume wani dattijo da bai ma san sunansa ba. Uwargida kuwa tana ta ihu da tafi, ta manta a wane ɓangare take.

Da ta tuna, ta gyara mayafi ta ɗaure fuska. "Sito ka ci. Amma madubina ya koma jikin sif kafin azahar, kuma wannan maƙaryacin ne zai ɗauko shi a ka."

Haka na bi titi da madubi a kai, suna baya suna gardamar launin da za a shafa wa na takwas.