Ƙafafun da Na Riƙa Warewa Gefe

Na daɗe ina dafa farfesun kai da ƙafa na sayarwa a gidanmu na Dutsin-Ma. Wani mahauci ɗan unguwarmu ne ke kawo mini ƙafafun 'yan raguna daga kwata, cikin buhu, kowace safiya.

Wata damina ina cikin babbaka sai wani ɗoyi ya buge ni, wanda ba na ƙonewar gashi ba ne. Na buɗa tsagar kofaton da yatsa, na tarar wurin ya ruɓe, har da mugunya. Na ware ƙafar gefe. Kafin in gama buhun, abin da na ware ya cika kwano.

Nan take zuciyata ta tafi kan mahaucin. Na raya a raina masu kyan yake kai wa masu abinci na bakin tasha, ni da ba na fita ya tattaro mini saura. Da na yi masa magana ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce haka kayan ke zuwa bana. Wannan ya ƙara mini zargi.

Ban gaya masa ba, na sa hijabi na tafi kwatar da kaina. Na bi tsibin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, mahauta na bi na da ido. Babu tsibin da ban samu ruɓaɓɓu ba. Wani dattijo mai fiɗa ya ce yawancin dabbobin daga ƙauyukan Kurfi da Wurma ake lodo su. Da ɗan rago ya fara ɗingishi, mai shi sai ya yi maza ya rabu da shi kafin ya shafa wa sauran, a wanke ƙafar tas, a jefa shi mota don kada a ga tafiyarsa.

"Hajiya, mu ma sai bayan yanka muke gani," in ji shi.

Ban gama yarda ba, don a gabana wani mahauci ya ɗaga ƙafar rago mai rai ya shinshina kafin ya saya.

Na ba mahaucina haƙuri, amma daga ranar a gabansa nake zazzage buhu. Bayan mako biyu tunkiyar da nake kiwo a gida ta koma cin ciyawa a durƙushe kan gwiwa. Malamin dabbobi da na kira ya ce ciwon kofaton nan ne, danshi yake bi, ya tambaye ni inda nake zubar da ruwan wankin ƙafafu. Na nuna masa, dab da turkenta. Ya gyara mata kofaton, ya yi mata allura, ya ce a mai da ita busasshen wuri. Sai da kaka ta shigo ta taka ƙafar sosai.