Zuwa Yazd Neman Ruwan Ƙarƙashin Dutse

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin wata Asabar cikin watan Afrilu na sauko daga gidanmu na unguwar Mount Hope a New York da jaka ɗaya. Mai tasin wani ɗan Zangon Kumasi ne da muke salla masallaci ɗaya. Muna hawa gada ya tambaye ni, "Malam Isufu, Nijar za ka?"

Na ce, "Iran."

Ya dube ni ta madubi. "Karatu?"

"Rijiya zan je gani."

Ya kai ni har filin jirgi.

Ni injiniyan ruwa ne, ina aiki a wani ofishin ƙasa da ƙasa a Manhattan. Garinmu yana gindin tsauni a ƙasar Adar, kuma shekara uku ke nan yayana Mamman yana aiko mini kaset cewa rijiyoyin gari suna ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, har gida shida sun kwashe sun koma Tawa. Abokin aikina Faridun, mutumin birnin Yazd na Iran, shi ya ba ni labarin kanat, wato hanyar ruwa da ake haƙawa a ƙarƙashin ƙasa daga gindin dutse har cikin gari, ruwa ya gangaro da kansa ba inji ba guga. Kawunsa gwanin haƙa ta ne. Da hutunsa ya zo, na bi shi, da taswirar garinmu da hotunan tsaunin a jaka.

Tehran zuwa Yazd

Mun kwana Landan, muka sauka Tehran ran Lahadi. Jami'in shige da fice ya juya fasfona gaba da baya, ya ce, "Nijeriya?" Na ce Nijar. Ya kira na kusa da shi, suka duba wani littafi, sannan ya buga hatimi.

Litinin ƙarfe shida na safe muka shiga safa a tashar kudu. Tafiyar ta haura kilomita ɗari shida. Mun wuce Kum da Kashan, sau biyu 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa ɗakin kaya suka sallame mu. A Na'in muka ci shinkafa da gasasshen nama da tumatir. Kuɗinsu riyal ne a takarda, amma a baki toman suke faɗa, toman ɗaya riyal goma, saboda haka na miƙa wa mai abinci kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa. Ya sa hannu a ƙirji ya ce ba komai. Faridun ya ce, "Kada ka yarda, al'ada ce. Sai ka matsa masa sau uku." Na matsa, ya karɓa.

Daga Na'in ƙasa ta zama fili fetal, tsakuwa da gishiri. Can sai na fara ganin tudun ƙasa a jere kamar shuri, kowane da rami a tsakiya, sun miƙe daga duwatsu har inda ido ya tsaya. Faridun ya ce bakunan kanat ke nan. Mun isa Yazd ƙarfe biyar saura kwata na yamma.

Yazd

Garin yana tsakanin hamada biyu, ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, kuma ba kogi. Tsohon gari duk ginin ƙasa ne, lunguna matsattsu masu rufi, in ba don rubutun Farisanci ba sai in ce Birnin Damagaram nake. A kan soraye akwai dogayen hasumiyoyi masu tagogi da ke kamo iska su tura ta cikin ɗaki. A gidan su Faridun na sauka, an ba ni ɗakin da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, da azahar sai da na ja bargo.

Talata muka zaga. Mahaifin Faridun, tsohon malamin makaranta, ya ce garin ya girme wa Musulunci, zangon fatake ne a kan hanyar ƙasar Hindu, kuma nisansa cikin hamada ya sa mayaƙan Mangol ba su rushe shi kamar sauran birane ba. Har yau akwai mabiya tsohon addinin Farisa, suna da ɗakin da wuta ba ta mutuwa a ciki. A kasuwa na ga masaƙa siliki, da masu alewa iri-iri, da wani gida inda ƙaton dutse ke niƙa ganyen lalle, ma'aikatan duk sun zama kore har gira. A bayan gari kuma masana'antun yadi da na tayil ne. Na yi la'asar a babban masallaci na saki hannu yadda muka taso, ba wanda ya waiwayo, don su ma haka suke yi.

Gindin Shirkuh

Laraba ƙarfe biyar da rabi muka fita a motar ƙanin Faridun, muka nufi kudu wajen dutsen Shirkuh, tafiyar awa ɗaya. Kan dutsen fari fat da dusar ƙanƙara. Usta Akbar, kawun Faridun, yana jiranmu a bakin wani rami. Gajere ne, ya kusa saba'in, sanye da farar riga da farar hula. Na tambayi dalilin fararen kaya. Ya ce in rami ya rufta ba sai an nemo likkafani ba.

An ɗaura mini igiya a ƙugu, mutum biyu suka riƙa juya katakon da take naɗe a kai har na taɓa ƙasa. Gaba goma sha takwas na ƙirga. Hanyar ba ta kai tsayina ba, faɗinta kafaɗa ɗaya. Usta yana gaba da fitilar mai. Ya ce in harshen wutar ya ƙanƙance mu juya, iska ta ɓaci. Ruwa ya kai mini idon sawu, sanyinsa har cikin haƙori. Ya ɗaga fitila ya nuna mini wani layi a bango, daidai gwiwata. Faridun ya fassara: "Nan ruwa yake lokacin da ya fara aiki da mahaifinsa."

Da muka fito muka zauna a ƙarƙashin itacen rumman, aka kawo shayi da gurasa da cuku. Na shimfiɗa taswira da hotuna. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙanƙara tana kwanciya a kan dutsen nan naku?"

"A'a."

"Wata nawa ake ruwa?"

"Uku, in shekara ta yi kyau."

"Bayan an ɗauke, akwai inda ƙasa ke zama da danshi a gindinsa? Inda ciyawa ba ta bushewa?"

Na yi tunani sosai, don ina son in ce akwai. Na ce babu.

Ya naɗe taswirar ya miƙo mini. "Kanat ba ya haifar ruwa, jawo shi yake yi. Dutsenku ba ya ajiya. Ko shekara goma kuka yi kuna haƙa, kabari kawai za ku yi wa mutanenku." Sannan ya karɓi hoto ɗaya ya sa yatsa a kan koramar da ke tsaga tsaunin. Ya ce a jera duwatsu a gicciye, ƙanana, wuri da yawa, don ruwan damina ya tsaya ya nutse maimakon ya wuce. Rijiyoyin ƙasa za su ɗan ƙara kwana. Bai yi alkawarin fiye da haka ba.

Na tambaye shi me ya rage ruwan nasa. Ya nuna gonakin da ke can ƙasa. Ya ce rijiyoyin inji ne, masu zurfi, suna zuƙa dare da rana. Sai ya juyo gare ni. "Kai mene ne aikinka a Amurka?"

Faridun ya dube ni, ya ce da Turanci, "In ce masa malamin makaranta?"

Na ce, "Faɗa masa gaskiya. Takardun haƙa rijiyoyin inji nake sa wa hannu."

Ya fassara. Usta Akbar ya ɗauki buta ya cika mini kofi. Ya ce, "To in za ka sa hannu, ka riƙa tambaya wa ke shan ruwa a sama da wurin."

Komawa

Na ƙara kwana biyu a Yazd. Faridun ya tsaya ƙarasa hutu, ni na bi safar Asabar zuwa Tehran, daga nan Landan. Na sauka New York ran Litinin ƙarfe biyu da rabi na rana. A kwastan aka karɓe rumman biyun da matar Usta ta ba ni, aka bar mini alewa. Ƙarfe biyar ina gida.

Bayan la'asar washegari na sa kaset a rikoda. Sau biyu ina farawa ina gogewa. A na uku na ce, "Yaya Mamman, na je na gani. Abin da na sa muku rai da shi ba zai yiwu a garinmu ba. Ku tara mutane da jakuna bayan girbi, aikin dutse ne a gabanmu, ni ma ina nan zuwa." Kaset ɗin na ba wani ɗan Tawa mai sayar da agogo a Harlem, wanda zai tafi gida ran Juma'a.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da mutanen gidan su Faridun da suka ciyar da ni kwana biyar, da Usta Akbar da bai ɓoye mini komai ba.