Kujerar da Na Hana Malam Haladu

Ina shirin shiga aji da safiyar Talata babbar 'yar Malam Haladu ta kira ni daga Gwiwa. "Farfesa, Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bayan azahar za a yi jana'iza." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sunan farfesan nan bai taɓa yi mini nauyi kamar ranar ba.

Malam Haladu ne ya koyar da ni tun shekarata ta farko a jami'a, shi ya bi kundin digirina layi-layi da jan biro. Lakcara mai daraja ta ɗaya na same shi, a haka kuma ya yi ritaya. A tsarinmu, wanda bai yi digirin dakta ba, bai wallafa maƙalu ba, ba ya hawa babban lakcara ko da ya tsufa a gaban allo. Mu da ya koyar muka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. In an taɓa masa zancen sai ya ce, "Maƙala za ta jira ni, ɗalibi ba zai jira ba."

Bara da na zama farfesa, 'yan'uwa suka shirya walima a Kazaure. Ni da hannuna na tsara wurin zama: farfesoshi a gaba, sai mataimakansu, sai daktoci. Da na zo kan sunan Malam na rasa layin da zan sa shi, na tsallake. Ya zo a kan babur, ya nufo gaba, mai kula da kujeru ya tare shi.

"Baba, ku dakta ne?"

"A'a, malamin makaranta ne."

Aka kai shi can baya inda rumfa ta ƙare, cikin rana. Ina kallo. Na sunkuyar da kai kamar ina duba takarda. Har yau in na tuna, kunya takan hana ni haɗa ido da kowa.

Da aka tashi ya kama hannuna yana murmushi. "Isiyaku, ai daga baya an fi ganin yawan taro. Allah ya yi maka albarka." Na ƙudura zan je Gwiwa in ba shi haƙuri. Shekara guda ina cewa sai mako mai zuwa. Ranar Talata na je, aka shimfiɗe shi a gaba, mu duka muka yi sahu a bayansa, ba wanda ya tambayi muƙamin wani.

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya ɗaukaka darajarsa a Aljanna. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini kafin ya tafi, don ban roƙa ba.