Jakinmu da Budurwar Azurfa

In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce ɗan Arewa ya fara zuba: babanmu ya taɓa shiga kasuwar Dogon Dutsi da jaki lafiyayye, ya fito da mace a aljihu. Ina wurin, ni na riƙe igiyar. Shekarar da nake aji biyar ce a lekol, wato makarantar boko, ana sauran kamar wata biyu ruwa ya sauka, ana zabga rana irin wadda in ka aje ƙwai a kan rairayi, gishiri kawai za ka nema. Sayen irin wake da sabon bakin hauya ya kawo mu. Jakin, Komanda muke ce masa saboda ba ya tafiya sai in shi ya ga dama, yana biye da ni yana kaɗa kunne, bai san ranar za a sauke shi daga mulki ba.

A bayan rumfunan masu goro akwai wani mutum da ake kira Alhaji Mai Gilashi. Ban sani ba ko ya je Makka, amma dai ya je Yamai, kuma a wurinmu lokacin nan tazarar ba ta da yawa. Tsoffin kuɗi yake sayarwa: kwabo mai huda, anini, sulen Ingilishi daga ƙetaren iyaka, dalar azurfa ta zamanin Faransi, duk a jere kan jan ƙyalle. Babbar cikinsu ita ce liyari, wani faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton wata ƙosasshiyar anasara da lulluɓi, irin wanda tsoffin matanmu ke ratayawa a wuya ranar biki. Gilashin da ya ba shi suna ɗan kewayayye ne mai mariƙi, mai ƙara wa abu girma. In ya kara shi a fuska sai idonsa ya dawo kamar na saniya.

Alhaji ba ya cewa kuɗi sabo ne ko tsoho. Matsayi yake ba su irin na mata. Liyarin da hannu bai taɓa ba, wadda har ana iya ƙirga ƴan duwatsun adon da ke kafaɗar matar, budurwa ce. Wadda ta ɗan zagaya, amarya. Ta ƙasa da ita bazawara. Wadda fuskarta ta shafe kamar tsohon dutsen niƙa, kaka. Bazawara da kaka, in ji shi, maƙera ke saye su narke. Budurwa kuwa anasaru ke biɗa, su taso da farar mota tun daga Yamai, su zube kuɗin babur ko tayi ba su yi ba.

Baba, Malam Mamman, ba sakarai ba ne. Mutum ne da in ya damƙi zangarniyar hatsi zai gaya maka gonar da ta fito da sunan raggon da ya nome ta. Lagonsa ɗaya ne a duniya: a rage murya a yi masa magana. Alhaji kuwa ya rage murya har sai da Baba ya durƙusa. Ya zaro auduga daga aljihun ciki, ya buɗe, wani ƙyalli ya doke mu. Bai bari Baba ya taɓa ba, gilashi kawai ya ara masa. Sannan ya ce ɗan lekol ya karanta shekarar da ke jiki. Na gyara tsayuwa na karanto alif ɗari bakwai da tamanin da Faransanci, da ƙarfi, don masu goro su san ba kiwon jaki kaɗai na iya ba.

"Ka jiya ko?" in ji Alhaji. "Tun kakan kakanka bai yi kaciya ba. Wagga ba ta kowa ba ce, Malam Mamman, don kai na hiddo ta."

"Ba ni da kuɗinta, Alhaji."

"Wa ya yi zancen kuɗi? Ga kuɗi nan tsaye da ƙahwa huɗu."

Da ƙafa muka koma ƙauyenmu, can kan hanyar Lugu, ni da igiya a hannu ba kowa a ƙarshenta. Inna na daka a tsakar gida. Ta dubi Baba, ta dube ni, ta leƙa bayanmu ko akwai mai tafe. Baba ya buɗe audugar, ya yi mata bayanin budurwa da anasaru da babur, har da inda za a riƙa aje baburin in ya zo. Ta saurara har ƙarshe, taɓarya a hannu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ita za ta ɗebo ruwan?" Daga nan ta juyo ta ƙare wa bayana kallo, irin kallon da dillali ke yi wa dabba.

Rijiyarmu na can gangaren fadama, kuma zurfinta, in ka saki guga da safe kana iya zuwa gaisuwar mutuwa ka dawo kafin ta taɓa ruwa. Komanda bido huɗu, manyan jarkokin ruwa, yake ɗauka a tafiya guda. Ni ɗaya nake iyawa, a ka, rabinsa na bin wuyana zuwa cikin wando. Kafin in tafi lekol sai na cika randunan Inna da kwatarniyar awaki. In na dawo, ga kai taki gona a tsohon buhu, ga jidon kara na gyaran darni, ga itace. Malaminmu, Mushe kamar yadda muke kiransa, ya gaji da dukana a kan latti har ya koma yi mini sannu. Abokaina kuwa, da labari ya kai musu, suka naɗa ni Ajudan, wai mataimakin Komanda mai riƙon ƙwarya. In muna langa na kama ƙafa ɗaya, sai wani ya yi kukan jaki daga baya, in faɗi don haushi. Har wani sabon wasa muka ƙirƙiro a filin lekol da marafan kwalba: mai ƙyalli budurwa, mai tsatsa kaka, budurwa guda na cin kaka biyar. Duk wanda ke sayarwa marfinsa budurwa ne, duk wanda ke saye sai ya hango tsatsa. Da mun lura, da mun gane sana'ar Alhaji gaba ɗaya tun a nan.

Ita kuwa baiwar Allah tana cikin gwangwanin tumatir, a naɗe da auduga, a rataye can saman ɗakin Baba inda ko ɓera sai ya yi shawara. Ba mai taɓa ta. Dattawan gindin gawo suka sa wa Baba suna Ango, in ya doso su riƙa tambayar kwanan iyali. Yana dariya, don a ransa ya riga ya hau babur ya bar su da ƙura. Duk farar motar da ta gifta, ko ta masu rigakafi ce, sai ya gyara zaman hula.

Anasara bai zo ba. Abin da ya zo hadari ne, ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. Ƙyallin liyari kuma ya fara dusashewa cikin gwangwani, wani ɗan tabo ya fito a gefe, daidai saman kan matar. A wajen wani suna a maƙwabta na ga wata tsohuwa da liyari uku a wuya, baƙaƙe kamar gindin tukunya. Na matsa da sunan gaisuwa na karanta: shekara ɗaya ce da tamu, dukkansu. Na kai wa Baba rahoto, ya ce to mene ne, ƴan gida ɗaya ne. Sai da na girma na ji ashe an daɗe ana buga su ba a canza shekarar ba, ta jiya da ta zamanin kakanni duk lamba guda.

Da aka yi yayyafin farko Baba ya yi lissafin shuka da noma da jidon dammuna ba jaki, ya sauko da gwangwani muka koma kasuwa. Niyyarsa mai sauƙi ce: ga budurwarka, ba ni jakina. Alhaji ya tarbe mu da fara'a, har ya sa aka kawo ruwa. Ya karɓi liyari, ya fito da gilashi, ya kara a ido. Ranar na gane gilashin nan fuska biyu gare shi, ta sayarwa da ta saye. Ya nuna duwatsun kafaɗa, sun shafe. Ya nuna tabon gefe, ya ce nan aka taɓa liƙa mata kunne na ratayawa aka cire. Ya nuna ƴan zane-zane a kumatunta, ya ce toka da tsamiya aka sa aka dirje ta. Ya aje gilashi ya girgiza kai kamar likita.

"Bazawara ce, Malam Mamman."

"Bazawara? Da bakinka ka ce mini budurwa!"

"Haba, ji tsoron Allah. Wata biyu tana ɗakinka, ka maido mini ita ka ce budurwa? Kak ka ja mutane su yi da kai."

Masu goro suka kwashe har wani ya ƙware. Alhaji ya ce saboda zumunci zai ba da kuɗin ɗan akuya, ƙarami. Komanda kuwa, ya ce, tuni ya ƙetare iyaka, wataƙila ma yanzu Turanci yake ji. Baba bai yi faɗa ba, bai kira ɗan sanda ba, don babu abin da zai faɗa wanda ba zai ƙara wa masu goro dariya ba. Kuɗin akuyar ma bai karɓa ba. Ya naɗe abarsa a auduga, ya mayar gwangwani, ya ce mu tafi rana na yi.

Daminar nan da kakarta a kaina suka wuce. Na rantse na rage tsawo da taƙi guda, har yau ban maido shi ba. Sai da aka sayar da wake Baba ya samo wata ƴar jakanya mai tari. Inna kuwa ta sauko da gwangwanin ba ta tambayi kowa ba, ta kai wa maƙeri ya mayar wa liyari kunnenta a daidai tabon, ta zura zare ta rataya. Duk biki da ita take zuwa. A wuyanta Baba ya ci gaba da ganin budurwarsa har Allah ya karɓi ransa.

Yanzu akwai famfo a bakin masallacinmu, yara na kai bido gida a kan babur. Inda Alhaji ke shimfiɗa jan ƙyalle wani saurayi ke cajin waya. Dillalan tsoffin kuɗi sun koma cikin wayar: liyari a rufe cikin roba, ba budurwa ba bazawara, lamba kawai ake manna mata, kuma ba za ka ga idon mai yi maka ƙarya ba balle ya sa a kawo maka ruwa. Wani lokaci nakan yi kewar hanyar fadamar nan da sassafe, rairayi da sanyi a ƙafa, Baba a gaba da hauya a kafaɗa. Nauyin bidon ne kawai ba na kewa.

Bara da na je gida Sallah, na nuna wa Inna wata liyari a wayata, cikin roba, da babbar lamba. Na ce mai ita ya rage mini sosai, kuma in aka yi haƙuri ƴan shekaru kuɗinta zai ninka, wataƙila ma Baba gaggawa kawai ya yi. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta miƙo mini.

"Ashe jakin bai bar gidan ga ba," in ji ta. "Lekol muka sa shi."