Makulli Na Goma Sha Biyar

Layinmu na bakin teku, a arewacin New Brunswick, gida goma sha biyar ne, kuma makullan goma sha huɗu suna rataye a ƙugun mutum ɗaya, Aurele Thibodeau. Kawu Aurele muke ce masa, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru. Mai gyaran famfo ne, ya yi shekara hamsin yana rarrafe a ƙarƙashin gidajen mutane. Ya ce ya ajiye aiki, amma babu wanda ya ga alama. Da ganye ya fara zuba zai bi gida-gida yana faɗa: a rufe famfon waje, a naɗe bututu da tsumma, kowa ya san inda ake kashe ruwan gidansa. Ni Noella ce, ƙofata tana kallon tasa, kuma na sha wannan wa'azin shekara talatin har na haddace shi kamar addu'ar cin abinci.

Makulli na goma sha biyar, na gidansa, yana aljihun ƙirjinsa, babu wanda ya taɓa riƙe shi. Tun da matarsa Irene ta rasu, shekara shida ke nan, ba a ƙara shiga gidan ba. In ka kai masa farfesun kaza da dankali, a bakin ƙofa zai karɓa, gobe ya dawo maka da tukunya a wanke. Mutum ne mai taurin kai na gaske. Lokacin da aka jawo mana ruwan gari, shi kaɗai ya ƙi, ya ce rijiyar da babansa ya haƙa ta ishe shi, ruwan hukuma warin magani yake yi.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yarsa Ghislaine, wadda take aikin jinya a birnin Moncton, ta sama masa ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita. Ana jiran amsa kafin sabuwar shekara. A gabana suka yi maganar, a bakin ƙofarsa.

"Baba, ka haura tamanin. In ka faɗi a matakala, wa zai sani?"

"Wanda famfonsa ya lalace," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta zo ranar jajiberin Kirsimeti ta duba gidan da idonta, in ta ga abin da bai yi mata ba, da shi za ta koma. Ni dai raina ya ɓaci, amma na san tana da gaskiya, kuma na san in aka ɗauke Kawu daga layin nan ba zai ga bazara biyu ba.

Saura kwana biyar Kirsimeti aka fara ruwa, irin wanda yake daskarewa duk inda ya sauka. Kwana biyu ana yi. Wayoyin lantarki suka yi kauri kamar damtsen mutum, falwayoyi suka karye a jere, rassa suna tsagewa kamar ana harbi. Wata tsohuwar bishiya ta kwanta a kan rumfar Valmond Gallant, masuncin da ke gefena, ta raba ta biyu. Wuta ta ɗauke. Gida uku ne kawai masu murhun itace, har da nawa, sai layin ya rabu uku, kowa ya kwaso bargo da yara ya tafi inda ake jin ɗumi. Mutum goma sha ɗaya na saukar a gidana. Burodin naman da muka gasa don biki muka jera shi a baranda, tun da waje ya fi firji sanyi.

Gidan da aka bari babu ɗumi kuwa, ruwan bututunsa daskarewa yake yi ya fasa bututun. Sai a kashe ruwa daga tushe, a tsiyaye komai. Nan Kawu ya ga ranarsa. Ya ɗaura ƙusoshi a tafin takalmi saboda santsi, makullai suna kacau-kacau, ya bi gida goma sha ɗaya cikin kwana biyu, ya kuma duba ukun masu murhu. Ya faɗi sau biyu, ya ce ƙasa ce ta zo gaishe shi. Da na tambaye shi nasa gidan fa, sai ya daga mini hannu.

"Ke 'yar Odilon, kaji za ki koya wa tono? Na bar famfo yana ɗiga. Ruwa mai tafiya ba ya daskarewa."

Haka muke yi duk lokacin sanyi, don haka na yarda da shi.

Ranar jajiberi da hantsi wuta ta dawo. Yara suka yi ihu, firji ya yi gurnani. Kawu ba ya nan, Fada ya ɗauke shi a mota tun da safe zuwa ƙetaren gada, ya duba ruwan zauren coci. Na fita ɗebo itace, sai na ga matakalar gidansa tana ƙyalli. Ruwa ne yake fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana gangarowa yana daskarewa.

Nan take na gane. Rijiyarsa da injin lantarki take aiki. Da wuta ta ɗauke, famfon ya ɗan ɗiga na ɗan lokaci da sauran ruwan tanki, sannan ya tsaya. Kwana huɗu ruwa yana zaune a bututu, ya daskare ya fasa shi. Yanzu inji ya tashi, yana tura rijiya guda cikin gidan.

Na ƙwala wa Valmond kira. Ya zo da ƙarfen ɓanɓarar katako, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Noella, tsohon nan zai kashe ni."

"In ba ka ɓalle ta ba ni zan riga shi. Buga!"

Ƙofa ta buɗe. Silin ɗin kicin ya riga ya rufto, ruwa yana zuba kamar ana wanka a sama. Na sauka ɗakin ƙasa cikin ruwa har idon sawu, haƙorana suna haɗuwa, kuma abin mamaki ban yi lalube ba. Muryarsa nake ji a kunnena: tsaya a kan busasshen katako, kashe wutar inji tukuna, sannan ki murɗa jan hannun nan dama. Na yi haka. Ruwa ya tsaya.

Kafin na hau sama layin duk ya taru. Na ce musu Ghislaine za ta iso ƙarfe huɗu, muna da awa biyar mu mayar da gidan nan kamar ba a yi komai ba. Ƙarya ce muka shirya, ba na musu, kuma ban ji kunyarta ba. Maza suka ɗaga kafet, mata suka kwashe kwanuka, aka jawo na'urar ɗumama ɗaki daga gida shida. Valmond ya bar rumfarsa a karye ya kwaso katakonta mai kyau don silin. Gidan tsaf yake, sai dai ɗaki ɗaya kawai ake zama a ciki, kuma rigar sanyin Irene tana nan rataye a bayan ƙofa. Babu wanda ya taɓa ta.

Kawu ya dawo wajen sha biyu. Ya tsaya a ƙofar da babu kwaɗo, ya dubi silin, ya dubi mutum ashirin a cikin kicin ɗinsa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a kujera jiƙaƙƙiya.

"Injin rijiya," ya ce a hankali. "Shekara hamsin ina gaya wa mutanen ƙauye su tuna da inji." Ya share fuska da hula. "Shi ke nan, yarinyar nan ta samu abin da take nema."

Tausayinsa ya kama ni.

Ghislaine kuwa ba ta jira ƙarfe huɗu ba. An share hanya da wuri, ƙarfe ɗaya da rabi sai ga ta a bakin ƙofa da akwati. Valmond yana kan tsani, ƙusa a baki, ya ce mata, "Barka da Kirsimeti, fenti muke ɗan sakewa." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zagaya gidan, ta leƙa ɗakin ƙasa, ta dawo ta tsaya a gaban kalandar da ke jikin firji. A bayan takardar Disamba da ruwa ya naɗe, Kawu ya jera sunayen gidajen layin da fensir, kowanne da alamar an gama. Ta ƙirga da yatsa.

"Goma sha huɗu. Baba, ina naka?"

Ta juyo gare mu.

"Wa ya kashe ruwan?"

Aka nuna ni. Ta tambaye ni minti nawa tsakanin fashewar da shigarmu. Na ce da wuya a yi ashirin, kuma rabinsu a wajen ƙofar babanta muka ɓata. Ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta miƙa masa hannu.

"Ba ni makullin."

Ya zaro shi daga aljihun ƙirji kamar ana cire masa haƙori. Ta saka a jakarta, ta cire rigar sanyi ta ɗauki tsumma. A gidana muka ci burodin nama ranar, mutum ashirin da uku, wasu a tsaye.

Bayan sabuwar shekara, da aka sa sabuwar ƙofa da tsohon kwaɗon, sai ga ƙunshi daga Moncton: makullai goma sha huɗu iri ɗaya, da takarda. Ghislaine ta bar ɗakin gidan tsofaffi ya wuce, bisa sharaɗi biyu. Kowane gida a ba shi makulli, kuma kullum kafin ƙarfe takwas na safe Kawu ya ɗaga labulen kicin. Ranar da bai ɗaga ba, duk wanda ya gani ya shiga. Da kansa ya raba su, yana gunaguni cewa an mayar da gidansa tashar mota.

Wata biyu labule yana tashi a kan lokaci. Wata Talata a watan Maris, takwas ta wuce da minti goma, yana nan a sake. Na fita da silifas a cikin dusar ƙanƙara, na tarar da Valmond da mata biyu sun riga ni, kowa da makulli a hannu. Muka shiga, muka same shi zaune a kicin cikin wankakkiyar riga, buta tana tafasa.

"Mantawa na yi," in ji shi. "Tsufa ne."

Na dubi tebur. Kofuna biyar ya riga ya jera, na Irene masu bakin zinariya, waɗanda ba a saukar da su sai an yi baƙi.