Yadda Alƙalin Karnuka Ya Zauna a Ƙasa

Ƙungiyar ta fara ne a wata gonar dawakai a Summerfield, farkon shekarun dubu biyu, duk Turawa masu kiwon karnukan Azawak. Ni na shiga daga baya. Na kai wa matar da ke da gonar kujeru daga shagon da nake aiki a High Point Road, sai na ga wata karya ja, doguwa, haƙarƙari a waje, irin wadda babana yake ajiyewa a garkenmu bayan garin Tawa. Da matar ta ji inda na fito, ta gayyace ni taron Asabar.

Matata ta ce, "Malam, teku ka tsallako don ka shiga ƙungiyar karnuka?"

Na ce, "Kallo zan yi, ba taɓawa ba." Na ware riga da wando na zuwa can, suna rataye a gareji.

Dokarsu ita ce alƙali ya shafa kare daga kai har wutsiya. Karen da ya ƙi sau uku, a cire shi daga rajista, a yi masa aiki ya daina haihuwa. Jar karyar ta riga ta ƙi sau biyu. Ranar karo na uku, alƙalin, wani dattijo likitan dabbobi, ya nufo ta kai tsaye, ta noƙe tana gurnani. Na miƙe na ce ba haka ake yi ba.

Ya ce, "Kai ma alƙali ne?"

Na ce, "A'a, ɗan makiyayi ne. Karen garke ba ya yarda da wanda bai gaida mai gida ba."

Na jera masa. Na farko, ya gaida matar, ya ƙyale karyar. Na biyu, ya zauna ƙasa. Na uku, kada ya kalle ta ido cikin ido. Na huɗu, ya jira.

Ya ce, "Gwiwoyina ba za su yafe maka ba." Amma ya zauna kan ciyawa, shi da matar suna hirar dawakai. Aka daɗe. Karyar ta zagaya bayansa, ta shinshina wuyan rigarsa, ta tsaya gabansa. Ya shafa ta har wutsiya.

A taro na gaba aka rubuta matakan huɗu cikin littafin ƙungiya, yadda na jera su, ba a sauya ko ɗaya ba. Da bazara karyar ta haihu. Matar ta ce in ɗauki ɗaya. Na gode mata, na ce gidan haya nake.